Babi na Biyar: Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

"To mu talakawa, me za mu iya?"

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar unguwa bayan sallar isha'i, ko a bencin mai shayi da sanyin safiya, ya ji wannan tambaya. Ana cikin hirar rashin tsaro, ko ruwan da ya rushe gidaje a daminar bara, ko ɗan maƙwabci da aka kama aka tafi da shi har yau babu labari, sai wani ya yi ajiyar zuciya ya jefo ta. Saura su amsa da "Allah ya kyauta", kowa ya kaɗe rigarsa ya nufi gida. Ni ban ɗauke ta tambayar ragwaye ba. Magidancin da ya wayi gari yana lissafin kwanon masarar da za a kai niƙa, ba shi da bindiga, ba shi da kasafin kuɗi, bai san ƙofar ofishin kwamishina ba, yana da hujjar yin ta.

Amma tambaya ce mai amsa, kuma garin da na ga ya fi dacewa a je neman amsar shi ne Potiskum. Garin ya sha wutar da ta isa ta mayar da shi kufai, amma ga shi nan yau kasuwa na ci, makarantu a buɗe, tireloli na lodi. Sojoji da 'yan sanda sun yi nasu, wasunsu a kai suka rasa rayukansu. Sai dai akwai wani kaso na aikin da babu mai iya yin sa sai mutanen gari da kansu, kuma shi ne zancenmu a nan.

Wa ya san shi?

Potiskum mahaɗa ce. Tana kimanin kilomita 100 yamma da Damaturu, babban birnin jihar Yobe. Hanyar Kano ta biyo ta Azare ta shigo ta, ta Bauchi ta shigo, ta Gombe ta shigo, ta Gashuwa ta gangaro daga arewa, sannan babbar hanya ta miƙe gabas zuwa Maiduguri. Ngizim da Karekare da Bolewa da Ngamo, Fulani da Barebari da Hausawa, har da mutanen kudu da fatauci ya kawo, duk suna cikinta, Musulmi da Kirista, Hausa ce kuma harshen ciniki. Fada biyu gare ta: ta Sarkin Fika, wanda aka dawo da mazauninsa garin a 1924, da ta Mai Pataskum. Gari mai wannan haɗi, in babu abin da ke riƙe da shi, ko ba a kawo masa wuta daga waje ba yana iya tsagewa.

In kana so ka ga abin da ke riƙe da shi, je kara ranar Laraba. Kasuwar shanun Potiskum tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Ƙura ta turnuƙe, shanu na kuka, masu kora na ihu, manyan motoci a jere suna jiran lodi zuwa kudu. Matsa kusa da inda ake cinikin bijimi ka kasa kunne. Mai saye ya zagaya shi, ya dafa tozo, ya duba haƙori, ya taya. Dillali ya ce albarka. A ja, a ƙara, a sake ja, har a kai inda mai dabba zai sallama. Kuɗin da ya isa gina ɗaki ya sauya hannu ba tare da lauya ba. Amma akwai tambayar da mai saye ba ya tsallakewa in bai san mai sayarwa ba: wa ya san shi, a hannun wa ya sauka? Dillalin da ya karɓi la'ada nauyi ya ɗora wa wuyansa. In gobe aka zo aka ce bijimin na sata ne, shi za a nema, shi kuwa ya san wanda ya koro shi da rugar da ya fito.

Wannan sanin shi ne jarin talaka. Gwamnati tana da makami da kuɗi da doka, amma jami'in da aka turo daga wata jiha shekaranjiya bai san ɗan unguwa bai san baƙo ba. Bai san gidan da aka ba wasu haya makon jiya, waɗanda ba sa fitowa sai dare ya raba ba. Bai san kwalbatin da ke fara toshewa kafin sauran ba. Mai unguwa ya sani, mai shagon bakin layi ya sani, tsohuwa mai ƙosai ta fi su duka sani. Duk wani yunƙurin jama'a daga tushe da na ga ya yi nasara, in ka tona, wannan jarin ya juya.

Shekarun wuta

Daga 2012 zuwa 2015, a shekarun rikicin Boko Haram, garin bai huta ba. A Fabrairun 2013 aka kashe likitoci uku 'yan Koriya ta Arewa da ke aiki a can. Ranar 14 ga Mayu na shekarar Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka katse layukan wayar salula. Ranar 6 ga Yuli 'yan bindiga suka afka wa makarantar kwana ta Mamudo, kusa da Potiskum, suka kashe mutum 42, akasarinsu ɗalibai. Gwamnan lokacin, Ibrahim Gaidam, ya koka cewa rashin waya ya hana mutane sanar da jami'an tsaro baƙin fuskokin da suka gani, ba a jima ba kuwa aka maido da layukan a Yobe. Hukuma ke nan ta faɗa da bakinta cewa in aka toshe bakin jama'a, ita ma ta makance.

Sai Nuwambar 2014. Ranar 3 ga wata ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a jerin gwanon Ashura na 'yan Shi'a. Ranar Litinin 10 ga wata wani ya sa kayan makaranta ya saje da ɗalibai a taron safe na Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati. 'Yan sanda suka ce mutum 47 sun rasu, 79 sun jikkata. A 2015 aka kai hari kasuwa, aka kai tashar mota, aka kai cocin Redeemed ranar 5 ga Yuli. Babu ɓangaren garin da bai yi zaman makoki ba.

Igiya a ƙofar kasuwa

Ranar 11 ga Janairun 2015 mata biyu suka tayar da bam a kasuwar waya, inda ake sayar da wayoyin hannu da gyaransu. Aka binne waɗanda suka rasu, kasuwa ta ci gaba da ci, sai dai yanzu an ja igiya a bakinta, masu gadi da 'yan sintiri na gari suna binciken duk mai shiga.

Ranar Lahadi 22 ga Fabrairu wata yarinya, wadda shaidu suka ce ba za ta wuce shekara bakwai ba, ta zo za ta shiga. Shugaban 'yan sintirin ya shaida wa kamfanin dillancin labarai na AFP cewa sau huɗu suna mayar da ita, domin ba su ga abin da yarinya kamarta za ta yi a kasuwar ba. Da hankalinsu ya koma kan binciken wasu, sai ta sunkuya za ta bi ta ƙarƙashin igiyar, nan bam ɗin ya tashi. Rahotannin farko sun ce mutum biyar sun rasu, 19 sun ji rauni.

Ba na iya wuce wannan labari ban tsaya ba. Yarinyar ita ma kashe ta aka yi. Yarinyar da ya kamata a ce tana tsakar gida tana wasan 'yar tsana aka ɗaura wa mutuwa aka tura ta, alhakinta na wuyan wanda ya ɗaura mata. Amma mai karatu ya dubi abin da ya tare ta har sau huɗu. Mutane ne da suka san kasuwarsu, suka san irin masu zuwa da abin da ke kawo su, har suka ga wannan zuwan bai yi kama da saura ba. Da ta kutsa tsakiyar rumfuna inda ake kafaɗa da kafaɗa, Allah kaɗai ya san gidajen da za su yi kuka ran nan.

A shekarun haka ƙofofin masallatan Juma'a da coci-coci da tashoshi suka koma a garuruwan arewa da dama. 'Yan agaji a masallaci, matasan coci a coci, 'yan ƙungiyar direbobi a tasha. Yaro sa'an ɗanka ya tare ka da 'yar na'urar bincike a hannu: "Baba, a yi haƙuri, a ɗan ɗaga hannu." Dattijo mai babbar riga ya ɗaga, aka shafa shi gaba da baya, ya ce "Allah ya yi muku albarka", ya wuce. A tarbiyyarmu yaro ba ya lalube babba. Amma dattijon ya san ɗan wane ne, ya san ba don raini yake yi ba, ya kuma san cewa in abin ya zo, wanda ke tsaye a ƙofa shi zai fara tafiya. Akasarin yaran nan ba albashi suke karɓa ba, sunayensu ba su shiga jarida ba, da yawa yanzu magidanta ne masu tuƙa Keke Napep ko zaman shago.

Ba zan ɓoye tsadar abin ba. Wannan shugaban 'yan sintiri ya faɗa cewa tun bayan harin Janairu sun hana mata shiga kasuwar. Matar da wayarta ta lalace, da mai tallar abincin da rumfunan nan ne cinikinta, su suka biya kuɗin laifin da ba su yi ba. Tsaron da jama'a ke yi wa kansu wuƙa ce. Tana yanka nama, tana kuma iya yankar na kusa.

Ranar da fushi ya karɓe aiki

Don a ga iyakar wuƙar, sai mun koma baya zuwa kara, ranar Laraba 2 ga Mayun 2012. Da rana wasu 'yan fashi suka shigo kasuwar shanu, 'yan kasuwa suka yi ta maza suka kore su, suka kama ɗaya. Maimakon a miƙa shi ga hukuma, taron ya lakaɗa masa duka, aka cinna masa wuta. Da dare 'yan bindiga suka dawo da bindigogi da abubuwan fashewa, suka buɗe wuta, suka ƙone kasuwar da dabbobi da motoci. Hukuma ta ce mutum 34 suka mutu, shaidu suka ce sun haura 50.

Jinin waɗannan bayin Allah yana kan waɗanda suka harbe su, babu mai hankalin da zai ce wani abu daban. Amma akwai abin da ya wajaba mu faɗa wa kanmu. Mutumin da aka ƙone ya tafi da duk abin da ya sani: su wane ne abokan tafiyarsa, ina suke kwana, wa ke ba su makami. Jarin da muka ce shi ne ƙarfin talaka, taron ya ƙone shi da hannunsa cikin 'yan mintoci.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta: "Ka kai ɓarawo da safe, da yamma ka gan shi yana shan shayi a bakin layi." Ƙorafi ne na gaskiya, kuma muddin hukuma ba ta gyara wannan ba, za a ci gaba da ganin taya da fetur. Sai dai maganinsa yana hannun ƙungiya fiye da yadda ake zato. Mutum ɗaya ya kai ƙara, ana iya shashantar da shi. Shugabannin kasuwa goma su raka wanda aka kama, su tabbatar an rubuta, su ba da shaida da sunayensu, su wakilta mutum biyu da za su riƙa zuwa duk zaman kotu, wannan shari'ar da wuya ta ɓace a hanya. Aiki ne mai cin rai, babu ihu a cikinsa, shi ya sa ba a cika son sa ba.

A Maiduguri an ga fuskokin nan biyu a jikin abu ɗaya. A tsakiyar 2013 matasan da aka fi sani da 'yan kato da gora suka tashi, suka taimaka aka fatattaki Boko Haram daga cikin birni, makaminsu na gaskiya kuwa shi ne sun san su fuska da fuska, tare suka taso. Amma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun zargi wasu daga cikinsu da kisa da cin zali. Yatsan da ke nuna mai laifi shi ne dai ke iya nuna wanda ake bin bashi, ko wanda aka yi takarar budurwa da shi. Don haka ƙungiyar unguwa da ke son ta daɗe da mutuncinta sai ta ja wa kanta layi tun ranar farko: gani da faɗa nata ne, hukunci na alƙali ne.

Takarda da biro

To in hukumar ce da kanta ake zargi fa? Nan ne talaka ya fi jin ba shi da gata.

Dattawan unguwar Dogo Tebo a Potiskum sun shaida wa AFP cewa kwana biyu bayan harin Ashura, ranar 5 ga Nuwambar 2014, sojoji sun kwashi mutane bayan sallar asuba, daga baya aka tarar da gawarwakin 16 daga cikinsu a ɗakin ajiye gawa na babban asibitin garin, da raunukan harsashi. Dattawan suka nemi a yi bincike. Kwana biyar bayan nan, da sojoji suka iso makarantar da bam ya tashi, jama'a suka kore su da jifa. Wanda ya san abin da garin ya gani a wannan makon ba zai yi mamakin jifan ba. Amma dutse ya faɗi ƙasa ya zauna. Abin da ya rage har muke iya maganarsa yau shi ne adadi da sunan unguwa da ranar da abin ya faru, domin wasu sun daure sun ƙirga, sun faɗa.

A Dapchi, cikin Yoben nan, an ga ƙarfin wannan ƙarara. Ranar 19 ga Fabrairun 2018 aka sace ɗalibai mata daga makarantar kwana ta garin. Kwanakin farko magana ta yi ta karo da juna: wasu jami'ai na cewa yaran daji suka gudu za su dawo, har aka yi sanarwar an ceto wasu, daga baya aka janye ta. Iyaye suka haɗu suka yi abin da babu mai iya yi sai su. Kowa ya faɗi sunan 'yarsa, aka rubuta, suka fito da jerin sunaye 105. Daga nan babu sauran musu; ba a jima ba gwamnatin tarayya ta tabbatar da 110. Ranar 21 ga Maris aka dawo da mafi yawansu, biyar sun rasu, aka riƙe ɗaya daga cikinsu, Leah Sharibu.

A Borno ma, matan da suka yi gudun hijira daga yankin Bama, waɗanda aka tsare mazajensu shekaru ba shari'a, sun kafa ƙungiyar Knifar, da tallafin mai fafutuka Hamsatu Allamin. Akasarinsu ba su yi boko ba. Suka bi junansu suna tattara sunayen mazan da aka tafi da su, suka miƙa wa kwamitin binciken da gwamnatin tarayya ta kafa a 2017.

"An kama mutane da yawa" magana ce da iska ke ɗauka. "An kama wane ɗan wane, tela, ranar kaza, a ƙofar masallacin kaza, ga waɗanda suka gani" magana ce da dole wani ya amsa ta, ko yau ko bayan shekara goma. Da za a tambaye ni abu na farko da ƙungiyar unguwa za ta saya da kuɗin karo-karonta, kafin riga mai tambari, kafin allon suna, zan ce littafi mai kauri da biro, a damƙa wa mutum biyu masu amana, namiji da mace. A rubuta wanda ya ɓace. A rubuta marayun da harin ya bari da wanda ke riƙon su. A rubuta gidajen da ruwa ya rushe tun kafin motar kayan agaji ta iso, domin in ta iso babu jeri a ƙasa, mai dogon hannu ke kwashewa, gwauruwar da ɗakinta ya faɗi ta koma hannu rabbana.

Dajin da ke ƙarƙashin ƙasa

Masu ba da tarihin garin na cewa sunan Pataskum daga harshen Ngizim ya fito, ma'anarsa dajin wata bishiya. Wanda ya shigo garin yau ta kowace hanya, abin da zai fi cin karo da shi shi ne motoci da amalanke ɗauke da itacen girki da buhunan gawayi. Ba na zargin matar da ke hura murhu. Gas ya fi ƙarfinta, yara kuwa sai sun ci. Amma kowace shekara masu saran itace sai sun ƙara nisa kafin su cika mota, a arewacin jihar kuma, wajen Yusufari da Yunusari, rairayi na cin gonaki da dausayi.

Gwamnatoci ba su zauna haka ba. Tarayyar Afirka ta amince da shirin babbar ganuwar itatuwa a 2007, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015, Yobe na cikin jihohi 11 da ya shafa. Duk da haka kowa ya san yadda bikin dashen itace ke ƙarewa a wurare da yawa: a dasa a watan Agusta, a ɗauki hoto, kafin bazara akuya ta cinye rabi, ƙishi ya kashe saura. Dashen da ba shi da mai shi maraya ne. Manyan itatuwan maina da ke yi wa tsoffin titunanmu inuwa, waɗanda wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro, sun rayu ne don wani ya kewaye su da ƙaya, ya yi ta ɗaukar ruwa yana zuba musu har suka kama ƙasa.

Amsar da ta fi gamsar da ni daga 'yan'uwanmu na Maraɗi ta zo. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo yana aikin dashen itace a yankin, dashen na ta mutuwa. A 1983 ya tsaya a hanya don ya rage iskar tayar motarsa saboda yashi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi a gona. Da ya duba ganyen da kyau sai ya gane ba ciyawa ba ce, bishiya ce da aka sare, kututturenta na raye, saiwarta na can ƙasa tana shan ruwa, kowace shekara tana toho manomi na sassabewa. Gonakin da ake gani fayau ashe daji ne a kwance.

Dabarar ba ta da wuya, tsofaffin manoma ma sun san ta. Lokacin sharar gona, in ka zo kan kututturen kalgo ko sabara ko gawo da ya fito da rassa goma sha, kada ka share duka. Zaɓi uku ko biyar mafiya ƙarfi da miƙewa ka bari, ka datse saura da wuƙa mai kaifi, ka rage musu ƙananan rassan ƙasa. Abin da ka datse ya zama makamashi a gida. Waɗanda ka bari, da yake saiwarsu tsohuwa ce mai zurfi, cikin 'yan shekaru sun fi tsayinka, ba ka sayi dashe ba, ba ka ɗauki ruwa ba. A Nijar ana kiran wannan sassabin zamani. Gawo kuwa abokin manomi ne na musamman: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani ya yi kore, dabbobi su sha inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar kashinsu a gonar.

Masu binciken da suka kwatanta hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta cewa manoman kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram, sun raya itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Rinaudo ya samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, amma hannayen da suka yi aikin na talakawa ne. Abin da ya juya al'amarin kuma shi ne mallaka. A da doka ta mayar da itace na gwamnati, manomi na tsoron tarar ma'aikatan gandun daji, gara ya tumɓuke tsiro tun yana ƙarami ya huta. Da aka sassauta, ya tabbata wanda ya raina nasa ne, sai ya zama shi ne mai gadinsa. A ƙauyen Ɗan Saga na yankin Agye mutanen gari suka kafa kwamitin sa ido kan masu satar sara, suka sa mata a ciki, suka sa Fulani makiyaya.

Kalgo da sabara da gawon da ke Maraɗi su ne a gonakin da ke kewaye da Potiskum, a Fika da Nangere da Fune. Manomin nan ya san kowane kututture a gonarsa kamar yadda dillali ya san baƙonsa. Abin da ya rage shi ne bulama da manoma da makiyaya su zauna su yarda cewa wanda ya raini itace nasa ne, wanda ya sare na wani zai biya.

A cikin gari kuwa yoyon ya fi kusa. Ruwan da ke shiga ɗakuna a wasu unguwanni da damina, wani nasa daga ƙarancin manyan magudanai ne da gini a kan hanyar ruwa, wannan sai gwamnati. Wani kuwa daga ledar ruwa da sharar da muka cusa a kwata ne tun rani. Samarin layi ashirin da shebur da baro, ranar Asabar biyu kafin ruwan farko, sun san daidai inda za su fara haƙa. Sunan wannan a wurin kakanninmu gayya, kuma ba su taɓa jiran takardar izini kafin su kira ta ba.

Kada a sauke wa gwamnati kayanta

Akwai haɗari a irin wannan magana, kuma ina so in tare shi. Mai mulki na iya jin ta ya ce madalla, jama'a su ci gaba da taimakon kansu. A'a. Igiyar bakin kasuwa ba ta maye gurbin ɗan sanda, baro ba ya gina magudana, littafin sunaye ba ya yanke hukunci. Amfanin jama'ar da ta haɗa kanta shi ne tana isa gaban hukuma da abu a hannu: ga abin da muka yi, ga jerin abin da ya fi ƙarfinmu, yaushe za a zo? Ƙungiyoyin agaji masu manyan motoci da suka cika arewa maso gabas bayan rikicin ma haka ne. Sun ciyar da mutane, sun yi magani, ba a raina musu. Amma aikinsu na da wa'adi, ranar da kuɗin ya ƙare za su naɗe tabarmarsu. Inda suka tarar da jama'a a haɗe, abin da suka kawo yakan zauna. Inda aka kafa ƙungiya don an ji ana rabon kuɗin zama, tana watsewa kafin ƙurar motarsu ta kwanta.

Shanun da muka gani a kara ranar Laraba ba daga sama suka faɗo ba. Da yawansu da ƙafa suka taso, suka ratsa tsakanin gonaki, ta burtalin da shekara da shekaru ake ta cin gefensa, suka sha ruwa a mashayar da wani ke ganin fadamarsa ce. Da kaka, lokacin da amfanin gona ke tsaye makiyaya kuma na gangarowa kudu, nan ne sanin juna ke fuskantar jarrabawarsa mafi tsanani. A babi na gaba za mu bi burtalin, mu zauna inda arɗo da bulama ke ƙiyasta ɓarna, mu ga abin da ke sa wani sulhu ya riƙe wani kuma ya warware.